Rana, Uwa da Ƙashin Jariri: Laccar Wata Likita ga Matan Argungu

Assalamu alaikum. Iyayena mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na san wasu sun bar tukunya a kan wuta, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Bitamin D shi ne ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Mafi yawan bitamin D ɗin nan ba daga abinci muke samu ba. Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, hanta da ƙoda su ƙarasa aikin. To sai ku ce, mu da rana ke gasawa a Kabi, ina ruwanmu da wannan magana? Tsaya, Hajiya, ki lissafa yininki. Daga ɗaki sai rumfa, daga rumfa sai madafa. In za ki fita unguwa, hijabi har ƙasa. Ga fatarmu baƙa, tana buƙatar lokaci a rana fiye da ta Bature. Hasken da ya ratso gilashin taga kuwa ba ya haɗa komai.

Abin da ke damuna shi ne ɗan da ke cikinki. Ba shi da wata hanya sai ke. Ta mabiyiya yake ja, kuma in aka auna jinin cibiya ranar haihuwa, yawanci bitamin D ɗinsa bai kai na uwa ba. Kalsiyam kusan giram 30 yake tarawa kafin ya fito, mafi yawa a wata ukun ƙarshe. In rumbun uwa ba kowa, da me za a auna masa? Nono ma, duk albarkarsa, bitamin D ɗin cikinsa kaɗan ne. Sai kuma a shiga jego, kwana arba'in a ɗaki.

Na taɓa riƙe jariri ɗan kwana goma yana jijjiga, yatsunsa a dunƙule, kakarsa na ta tofa masa addu'a. Da aka auna jini, kalsiyam ne ya yi ƙasa. Wani kuma sai ya fara tsayuwa za a ga ƙafa ta lanƙwashe kamar baka, wuyan hannu ya yi kauri, maɗiga ta ƙi rufewa.

Amma kada mu ɗora wa rana laifin duka. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna yara masu wannan lanƙwasar ƙafa sun fi warkewa da aka ba su kalsiyam a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Ke nan kwanon abinci ma yana da nasa alhakin. Kindirmo, miyar kuka, zogale, da ƙananan kifin nan da ake ci har ƙaya, duk suna ba da kalsiyam. Bitamin D kuma akwai shi a sardin da gwaiduwar ƙwai.

Ba na ce kowa ta fita titi ba. Tsakar gidanki ta ishe ki. Da hantsi, ki shimfiɗa tabarma, ki buɗe hannuwa da ƙwauri, ki yi tsintar shinkafarki a nan na ɗan lokaci kafin zafi ya tsananta. Jariri sabon haihuwa dai ba a shanya shi a rana.

Batun ƙwayar bitamin D, a Ingila ana shawartar mai ciki ta sha maikirogiram 10 kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a ba kowace mai ciki ba, sai wadda ake ganin tana da ƙaranci. Kuma in ya yi yawa yana taruwa a jiki ya yi illa, don haka kada a saya a kemis a yi ta sha. In kin je awo, ki gaya wa malamar asibiti gaskiyar yadda kike yini.

Baba da ke can baya, na ga hannunki tun ɗazu. Bismillah.