Tun asuba na baro Huston don in ga wata kaza

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. To yau dai ga ni a wani daji kusa da garin Eagle Lake a jihar Teksas ta Amurka, tafiyar kamar awa ɗaya ce da ɗan wani abu yamma da Huston, ko karyawa ban yi ba wallahi, shayi ne kawai a fulas. Bari in juya muku kyamara. Kun gani? Ciyawa ce iya ganinka, babu dutse babu tudu, bishiya ma sai jefi-jefi. Da na sauko daga mota sai da na ce a raina yanzu wannan filin Allah na ƙona wa mai?

Ashe filin shi ne abin kallon. Irin wannan ciyawar ta bakin teku da can ta mamaye miliyoyin eka daga Teksas har Luwiziyana, yanzu abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 100 ba, gonakin shinkafa da gidaje da tituna sun cinye sauran, kuma shinkafar ma na wuce ta a hanya. Shi ya sa gwamnati ta killace nan tun 1972, eka dubu goma da ɗoriya, saboda wata tsuntsuwa da suke kira kazar Attwater. Ku ɗauka fakara ce ta ƙara jiki. Da can an ce sun kai miliyan, amma tun 1967 aka sa ta cikin masu shirin ƙarewa, har ta kai sai an ƙyanƙyashe su a gidan zu na Huston sannan a kawo nan a saki.

Namijin ne ɗan gayu, idan bazara ta shigo sai su taru a fili da sassafe, ya kumbura wasu jakunkuna ruwan lemo a wuyansa yana buga ƙafa da sauri yana wani gurnani kamar ka hura bakin kwalba, duk don mace ta kula shi. Maza dai ko'ina haka muke.

Ku dubi wannan doguwar ciyawar, dangin gambarmu ce fa, wadda ake saƙa zana da ita. Can kuma shanu ne ke kiwo, balbela na biye da su kamar a fadamar garinmu. Da gangan aka bar shanun, suna buɗe hanya cikin ciyawa yadda 'yan tsaki za su iya ratsawa. Har wuta ma'aikatan ke cinna wa dajin, yanki-yanki, don kada bishiyoyi su kwace filin. Mu da aka yi ta yi wa faɗa kan ƙona daji, nan albashi ake biya a kai, sai dai su da lissafi suke yi.

Wash! Tsaya tsaya. Kai, na taka gidan jar tururuwa, cizonta ya fi na cinnaka zafi, kamar an ɗiga maka garwashi. Daga nahiyar Kudancin Amurka ta shigo, kuma ita ce ke cinye ƙwarin da 'yan tsakin ke rayuwa da su, ga ambaliyar guguwar Harvey ta 2017 ta zo ta kashe kajin da yawa.

Kazar dai har yanzu ban sa ta a ido ba, awa biyu ke nan. Bari in cire safar nan tukuna.