A cire tsiro ta baki ko ta dubura, ba a tsaga ciki ba

Luba: Assalamu alaikum masu saurare. Yau ma daga Sakkwato muke, ni da Malam Bello da Dakta. Zancen tsiro ne da ke fitowa a tumbi ko hanji, wanda ake cirewa da na'urar leƙa ciki, wato endoskofi.

Bello: Dakta, ni hwa ban gane ba. A zura tiyo ta maƙogwaro, a yanko abu, mutum ya tashi babu ɗinki? Mi aka yankewa da shi?

Dakta: Bangon hanji hawa-hawa ne, Malam Bello. Akwai shimfiɗar ciki, akwai wani hawa mai laushi a ƙarƙashinta, sannan tsoka. Cutar kansa, wato ciwon daji, kan fara ne daga shimfiɗar nan ta sama. Muddin ba ta nutsa ba, ana iya ɗaye ta. Tiyon yana da kyamara da fitila da 'yar kafa da ake zura kayan aiki. Ka taɓa ganin mahauci ya hura akuya kafin fiɗa?

Bello: Ta ƙafa, har fata ta rabu da nama.

Dakta: To haka nan. Sai dai mu allurar ruwan gishiri muke yi a ƙarƙashin tsiron, da ɗan shuɗin launi, ya taso ya bar tsoka. In ƙarami ne a zarga masa waya a tsinke da lantarki. In ya wuce santimita 2, a Japan suka ƙirƙiro wata dabara a ƙarshen shekarun 1990, ana kiranta ESD: da 'yar wuƙa ake bin gefensa a hankali har a fitar da shi ɗungurungum.

Luba: In kuma an yi allurar bai taso ba?

Dakta: Alama ce mai yiwuwa ya riga ya kama ƙasa. Likita mai hankali sai ya dakata, a koma maganar tiyata.

Luba: To haɗarin fa? Don shi mutane ke son ji.

Dakta: Biyu ne manya. Zubar jini bayan aiki, a ESD na tumbi wajen mutum 5 cikin 100, wani lokaci sai bayan kwanaki. Sai huda bango, shi bai kai haka yawa ba, kuma galibi nan take ake ɗame ramin da 'yan maƙalai na ƙarfe. A babban hanji an fi jin tsoron hudawa, don bangonsa ya fi na tumbi siranta. Hannun mai aikin ma yana da tasiri ƙwarai. Wanda ya saba ba ɗaya yake da sabon shiga ba, kuma ba laifi ba ne majinyaci ya tambaya.

Bello: Wanga kam da wuya. Mu nan kunya ba ta barin mu tambayi likita.

Dakta: Ko ba ka tambaya ba, ka faɗi magungunanka. Mai shan asfirin ko warfarin ko wani maganin tsinka jini, a sani tun kafin ranar. Kada kuma ya daina da kansa. Bayan an koma gida, in aka ga bahaya baƙi wuluk, ko aman jini, ko ciwon ciki mai tsanani da zazzaɓi, asibiti kai tsaye, ba kemis ba.

Luba: Shin ana warkewa?

Dakta: Amsar tana ɗakin gwaji. Abin da aka ciro ake yankawa a duba: gefensa ya fita tas? Zurfinsa nawa? Ya shiga hanyoyin jini? Shi ya sa fitar da shi guda ya fi. In gunduwa-gunduwa aka cire babban tsiro, wajen 15 cikin 100 yakan sake tsirowa, sai a koma a duba bayan kamar wata 6. A Amurka wani bincike da ya fito a 2012 ya nuna cire irin waɗannan tsiro ya rage mutuwa daga kansar hanji da kashi 53 cikin 100.

Bello: Amma Dakta, wa ka zuwa da wuri? Mutum shina shan maganin olsa shekara da shekaru, jini in ya fito a ce basir ne, a jiƙa sassaƙe.

Dakta: Nan gizo ke saƙar. Ƙaramin tsiro ba ya ciwo. A Koriya ta Kudu duk wanda ya kai 40 ana leƙa masa tumbi bayan shekara 2, shi ya sa suke kama kansar tumbi tana sama-sama. Mu kuwa sai an rame, abinci ya ƙi wucewa, sannan a nufi asibitin koyarwa na Danfodiyo, lokacin aikin ya fi ƙarfin tiyo.

Luba: Ga kuɗin gwajin ma, ba kowa ke iyawa ba.

Dakta: Gaskiya ne. Amma wanda ya haura 45, ko kansar hanji ta taɓa wani a gidansu, ko jininsa ke ƙarewa ba dalili, shi kam ya daure ya nemi a duba. Wanda aka cire wa a tumbi kuma, a gwada masa H. pylori, wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi. A Koriyan, a 2018, an ga kashe ta ya rage fitowar sabuwar kansa da kusan rabi.

Bello: Maganin nata allura ne?

Dakta: Ƙwayoyi ne na kamar mako 2, sannan a sake gwaji a tabbatar ta mutu.