Tambaya ɗaya daga jarrabawar zama ɗan Amurka

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Duk baƙon da ke neman zama ɗan ƙasa a Amurka, sai ya zauna gaban jami'in shige da fice an yi masa tambayoyi baki da baki a kan tarihi da tsarin mulkin ƙasar. A tsohon tsarin da aka fito da shi a 2008, tambayoyi 100 aka riƙa ba mutum ya je ya haddace, ranar jarrabawa a ciro masa 10, in ya ci 6 ya haye. Wane ne shugaban ƙasa na farko? George Washington. Yaushe aka ayyana 'yancin kai? 4 ga Yuli, 1776. Waɗannan ba su da wuya.

Akwai guda ɗaya da nake so mu tsaya a kanta. Wane yanki Amurka ta saya daga Faransa a 1803? Amsar da ake nema kalma ɗaya ce, Louisiana. Ka faɗa, a ba ka maki, a wuce. To ni a nan hankalina bai kwanta ba, domin ba a tambayi abin da ya sa Napoleon, mai mulkin Faransa a lokacin, ya rabu da ƙasar da ta ninka girman Amurka a kan dala miliyan 15 kacal ba.

Ku saurara da kyau. A 1791, bayi 'yan Afirka da ke noman rake a yammacin wani tsibiri, inda yau ake kira Haiti, suka yi wa Faransa bore. A ƙarshen 1801 Napoleon ya tura runduna ƙarƙashin surukinsa Janar Leclerc ta murƙushe su. Aka kama jagoransu Toussaint Louverture da yaudara, ya rasu a kurkukun Faransa, amma wani kwamandansu mai suna Dessalines ya ci gaba da yaƙin, cutar shawara kuma ta yi ta cin sojojin Faransa, har da shi Leclerc ɗin. Louisiana dama ita ce za ta riƙa ciyar da tsibirin. Da tsibirin ya kuɓuce masa, ga kuma yaƙi da Ingila ya kunno kai, sai Napoleon ya nemi kuɗi. Wakilan Shugaba Jefferson na Amurka birnin New Orleans da ke cikin Louisiana kaɗai suka je saya, aka ce su ɗauki yankin gaba ɗaya. 'Yan asalin ƙasar da ke zaune a ciki kuwa, ba wanda ya ji ta bakinsu.

Daga nan rigima ta biyo baya: sababbin jihohin da za a yanka a yankin, za a yi bauta a cikinsu ko a'a? Aka yi sulhu a kan Missouri, ɗaya daga cikin jihohin, a 1820, sulhun bai ɗore ba, har aka kai ga yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865.

Malamanmu masu shirya wa yara kacici-kacici, da ku nake. A cikin tambayoyi 100 ɗin nan akwai ta bauta, akwai ta yaƙin basasa, akwai ta Lincoln, shugaban ƙasar a lokacin yaƙin, kowace a layinta daban. Sunan Haiti bai fito ko sau ɗaya ba.