Amsoshin Tambayoyinku: Tseren Tuddai Kafin Gudun Fanfalaki

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan gudu suka taru, wataƙila don gasar Legas ta matso. Bari mu fara da wadda ta fi tsawo.

Wani malamin makaranta ne ya rubuto daga Jos. Ya ce: "Na yi rajistar gudun fanfalaki na Legas da za a yi a watan Fabrairu. Wannan ne karona na farko, kuma burina in gama cikin awa huɗu. To sai ga abokan atisayena sun shirya tseren kilomita 30 a wata hanya mai hawa da gangara, ana saura mako uku mu tafi Legas. Wasu sun ce in shiga, sai an gwada akan san na ƙwarai. Wasu kuma sun ce ƙafata kawai zan kashe. Wanne zan ɗauka?"

Malam, mun gode da wasiƙa. Ka shiga, amma ka bar musu kofin.

Abin da abokanka suka shirya ba sabon abu ba ne a duniyar masu gudu. A birnin Hamilton na ƙasar Kanada akwai tseren kilomita 30 da ake kira Around the Bay, wanda aka fara tun 1894, wato ya girmi gasar gudun fanfalaki ta Boston a Amurka da shekara uku, tunda ita sai a 1897 aka fara ta. An saba yin sa a ƙarshen watan Maris, ita kuma Boston ana yin ta ranar Litinin ta uku a watan Afrilu. Kusan mako uku ke nan tsakaninsu, daidai da naka. Tuddan tseren Hamilton a kashi ukun ƙarshe suke, lokacin da ƙafa ta riga ta gaji, shi ya sa masu shirin Boston da yawa suke zuwa can su auna kansu. Masu wayo a cikinsu sun san ranar ba tasu ba ce. Suna ji suna gani a wuce su, ba sa bi.

Ga dalili. Masu horarwa suna da wata tsohuwar ƙa'ida ta kintace: idan ka yi tsere iya ƙarfinka, jiki na neman kwana ɗaya na murmurewa a kan kowane mil da ka gudu. Kilomita 30 kusan mil 19 ne. Kai kuma kwana 21 ke gare ka. Ka ga in ka zazzage duk abin da ke jikinka a ranar, da ƙyar za ka farfaɗo kafin a busa usur a Legas.

Yanzu sai mu zo kan tudun kansa, kuma a nan nake so ka kasa kunne. Yawancin sababbin masu gudu hawa suke tsoro, don shi ne ke sa haki, zuciya ta riƙa dukan uku-uku. Amma hakin hawa yana wucewa cikin minti biyu ko uku da ka kai ƙoli. Abin da ke bin mutum har gida gangara ce. Kai mutumin Jos ne, ka san Hawan Kibo: direban tirela ba ya fargabar hawansa kamar saukowarsa, don a saukowa ne birki ke ɗaukar zafi har ya ƙi ci. To birkin ɗan Adam shi ne tsokar gaban cinya. A duk takun da ka yi a gangara, wannan tsoka tana miƙewa ne a daidai lokacin da take ƙoƙarin tare nauyinka, kuma irin wannan aiki yana yi mata 'yan ƙananan yage-yage da ido ba ya gani. Ba za ka ji komai a ranar ba, har ma ka yi ta jin daɗin yadda kake sheƙawa. Sai bayan kwana ɗaya zuwa uku tsamin zai bayyana, ranar da za ka ga mutum yana saukowa daga bene da baya-baya, yana dafa bango, zaman tahiya ma ya zame masa aiki.

Gasar Boston ɗin nan shaida ce. Tudunta da ya yi suna, Heartbreak Hill, tsayinsa bai kai mita 30 ba, tsawonsa kuma kamar mita 600. A Filato ba wanda zai ma kira shi tudu. Abin da ya sa yake karya mutane shi ne yana zuwa ne bayan kilomita 32, kuma farkon hanyar gangara ce da ta riga ta cinye musu cinya tun ba su ankara ba. Haka a Afirka ta Kudu, gasar Comrades da ake yi tsakanin Durban da Pietermaritzburg tun 1921, mai tsawon kusan kilomita 90, ana juya ta: wata shekarar a hau, wata shekarar a sauko. Tsofaffin hannu a gasar sun sha faɗa cewa shekarar saukowa ce ta fi barin ƙafa da ciwo.

To yaya za ka yi a ranar tseren abokan naka? Awa huɗu a kilomita 42.195, wato tsawon gudun fanfalaki, yana nufin kusan minti 5 da daƙiƙa 40 a kowace kilomita. Kilomita goman farko ka yi su a hankali fiye da haka, kamar minti shida ko ma da ɗoriya. Goma ko sha biyun tsakiya ka yi su da irin ƙarfin da kake son yi a Legas. Na ce ƙarfi, ban ce lokaci ba. A hawa agogo zai nuna maka minti shida da rabi, kada ka yi gardama da shi. Numfashinka ne ma'auni: in kana iya faɗa wa na kusa da kai gajeriyar magana ba tare da ta tsinke ba, kana daidai. Ka gajarta taku, ka ɗan karkata gaba, hannuwa su yi aiki, ido a kan 'yan mitocin da ke gabanka maimakon ƙolin tudun. A gangara kuma kada ka jingina baya kana caka diddige, kada kuma ka saki jiki kana dogon tsalle. Taku ƙanana masu sauri, ƙafa na sauka a ƙarƙashinka. In kana jin ƙarar takalminka fat-fat a kwalta, kana dukan cinyarka ne. Sauran kilomitocin ƙarshe ka sassauta, ka isa layi kana jin da za a ce ka ƙara biyar za ka iya. Na san wannan shi ne mai wuya, don abokai za su yi maka tsiya. Ka ce musu ku haɗu a Legas.

Akwai kuma ribar da za ka samu. Tsokar da ta taɓa shan gangara sau ɗaya, ta warke, takan yi makonni tana da juriya, karo na biyu ɓarnar ba ta kai ta farko. Saboda haka kada ranar tseren ta zama ranar farko da cinyarka za ta gamu da doguwar gangara. Tun saura mako huɗu zuwa shida ka riƙa sa ta cikin dogon gudunka na ƙarshen mako, kaɗan-kaɗan.

Abu na ƙarshe gare ka, wanda ba ka tambaya ba. Hanyar Legas kusan shimfiɗe take, in ka cire hawan gadoji. Abokin gabarka a can zafi ne da danshin iska. Kai kana atisaye cikin sanyin Jos na Janairu, gumi na bushewa tun bai zubo ba, can kuwa riga za ta jiƙe sharkaf tun a kilomita biyar. Jiki na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. A mako biyun ƙarshe, da ma lokacin rage atisaye ne, ka mayar da wasu ƙananan guje-gujenka zuwa hantsi, ka ƙara riga a kai. Kuma ka shirya ranka cewa awa huɗun nan tana iya zama huɗu da kwata. A karon farko wannan ba abin kunya ba ne.

Wasiƙa ta biyu daga Kano take, wani matashi ɗan kasuwa. Ya ce yana son zuwa tseren Okpekpe, ya ji an ce duk tuddai ne, shi kuwa inda yake ko ina shafe yake, ina zai samo tudu?

Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne. Okpekpe gari ne a kan duwatsu a ƙaramar hukumar Etsako ta Gabas a jihar Edo, ba nisa da Auchi. Tun 2013 ake tseren kilomita 10 a can, galibi a watan Mayu, kuma 'yan Kenya da Habasha suna zuwa. Amma ka ce Kano ba tudu, ina ka bar Dala da Goron Dutse? Matakalar Dala ta isa ta koya wa ƙafarka hawa. Matakalar 'yan kallo a filin wasa ma tana yi, in masu gadi sun bari. Sau ɗaya a mako ya wadatar: ka ɗumama jiki da sassarfa na minti goma sha biyar, sannan ka hau da ƙarfi na minti ɗaya, ka sauko da tafiya, ka maimaita sau shida. Duk mako ka ƙara ɗaya har ka kai goma. In kana da halin shiga gidan motsa jiki, injin gudu ana ɗaga kansa ya zama tudu. Sai dai matakala da inji duk hawa suke koyarwa, ba sa koyar da gangara, don haka ka haɗa da tsugunne-tashi da saukowa daga dakali da ƙafa ɗaya a hankali, kana ƙirga uku kafin diddige ya taɓa ƙasa. Wasu na hawa gadar sama da asuba. Ni dai ban ba ka wannan shawara ba, da masu adaidaita sahu da ke fitowa ba fitila.

Sai wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya daga Abuja. Ta ce tana atisaye a unguwa mai tuddai, hawa ba ya damunta, amma da ta fara gangarowa sai gwiwarta ta dama ta ɗauki ciwo ta gefen waje. Wata ƙawarta ta ce ta riƙa shan maganin kashe zafi kafin ta fita. Ta kuma tambayi abin da za ta ci a hanya.

Malama, ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin fi ni sanin abin da ibuprofen da diclofenac ke yi wa ƙoda idan jiki ya rasa ruwa, kuma dogon gudu cikin zafi shi ne ainihin wannan hali. Ki bar shawarar ƙawar nan. Tunda maganar ta zo, bari in faɗa wa matasa: tramadol yana cikin jerin abubuwan da hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024, ban da illar da kowa ya gani da idonsa a unguwanninmu.

Ciwon gefen gwiwa da ke tashi a gangara yawanci daga wata doguwar jijiya yake, wadda ta taso daga ƙugu ta bi gefen cinya ta sauka ƙasan gwiwa. Sau da yawa tushen matsalar raunin tsokar ƙugu ne, wani lokacin kuma gefen titi ne, don kwalta a karkace take saboda ruwa ya gangara, wanda ke bin gefe ɗaya kullum ƙafarsa ɗaya ce ke shan wahala. Ki bar gangara na mako biyu, ki yi gudu a shimfiɗaɗɗen wuri, ki ƙarfafa ƙugu. In ciwon yana sa ki ɗingishi, ko gwiwar ta kumbura, ko ya ƙi tafiya, ki ga likitan ƙashi ko mai gashin ƙashi na asibiti. Daga nan ɗakin watsa shiri ba na iya duba gwiwa.

Batun ci kuwa, sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan kusa ƙarewa wajen kilomita 30, shi ya sa za ki ga mai gudu lafiya lau ya koma tafiya yana jan ƙafa. Tudu yana ƙara saurin ƙonewarsa. Duk gudun da zai wuce awa ɗaya da rabi, ana so a riƙa cin giram 30 zuwa 60 na abu mai sukari a kowace awa. Ba sai kin sayi na leda mai tsada ba. Ƙananan dabino shida zuwa takwas da aka cire wa ƙwallo sun kai, ayaba ɗaya ma ta kusa. Ki fara ci tun minti arba'in, kada ki jira yunwa, kuma a gangara ko shimfiɗa za ki ci, don mai haki ba ya iya tauna. Ruwa kuma gwargwadon ƙishi. Ɗura ruwa zalla fiye da kima yana tsinka gishirin jini, kuma ya taɓa kashe masu gudu a manyan gasa. Duk abin da za ki ci ranar gasa ki gwada shi tun a atisaye, haka takalmi da safa.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Mai sauraron ya ce azumi zai faɗo tsakiyar shirinsa, ya daina ko ya ci gaba?

Ka ci gaba, amma ka sauya lokaci. Ƙaramin gudu na rabin awa ana iya yin sa dab da shan ruwa. Dogon gudu da atisayen hawa ka kai su bayan tarawihi, lokacin da abinci ya faɗa kuma kana iya riƙe gorar ruwa a hannu, a wuri mai haske da ka san ramukansa. Ka rage yawan kilomitocin mako, wata ɗaya na sassauci ba zai rushe abin da ka gina ba. Kilomita 30 da tsakar rana da azumi a baki kuwa, wannan kada ka soma.

Akwai sauran wasiƙu biyu a kan takalmin gwanjo da kuma gudu cikin ƙurar hunturu, lokaci ya ƙure mana, su za mu fara ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da tambayoyi. Mu kwana lafiya.