Taya sulɓi ta jaka 300

Assalamu alaikum jama'ar Maradi, mutanen Ali Ɗan Sofo da Bagalam da Zariya, ina gaisuwa daga Greensboro, a jihar Karolaina ta Arewa a Amurka. Ku matso da idonku, ku dubi abin da ke hannuna. Taya ce sabuwa dal, ga takardar kamfani ba a ko ɓanɓare ba, amma babu zane ko ɗaya a jikinta. Sulɓi kamar tafin hannu. Wallahi ranar da wani dattijo Bature ya mirgino min su guda biyu cikin shagon da nake aiki, na zaci shara ya kawo. Sai ya ce in ɗaura masa, kuma in bi a hankali, dalar Amurka 500 ya biya. Ku lissafa, kusan jaka 300 ke nan namu na sefa, a kan taya biyu da a gida da an gan su sai a ce a kai wa masu yankan takalmi.

Tun ina yaro nake faci a bakin tasha, na ɗauka babu abin da ya rage min a sha'anin taya. Abin nan ya tsaya min a rai har na bi mutumin filin tserensu.

Tseren nasu sukuwa ce, ba wani abu ba. Mota biyu su jera, fitila ta ba da kore, su miƙe sambal, ba kwana ba juyi. Asalin tsawon rubu'in mil ne, mita 402, amma a nan Karolaina sun fi son rabinsa, mita 201. Filin Piedmont da muka je, can kudu da gari, haka yake. Ƙungiyarsu babba, NHRA, tun 1951 take, kuma kusa da Charlotte akwai wani fili mai layi huɗu da aka buɗe a 2008, mota huɗu ke tashi lokaci guda. Ƙarar kuwa, a ƙirji kake jin ta kafin kunne. Ni dai ina tsaye sai hawan salla ya faɗo min, dawaki sun taho a guje ƙura ta turnuƙe, har idona ya kawo ruwa.

To me ya sa ba zane? Zanen taya hanyar ruwa ce, don ruwan sama ya samu wurin fita. A busasshen fili wanda aka fesa wa gam, ba a bukatarsa. So ake duk faɗin roba ya kwanta a ƙasa. Kuma robar taushi gare ta, ku ga farcena yana shiga. Kafin a tashi, direba ya bi ta cikin ɗan ruwa, ya murza tayoyin baya har hayaƙi ya tashi, roba ta yi zafi ta koma danƙo. Na taɓa ta bayan nan, tana kama yatsa kamar ƙaro.

Abin da ya fi burge ni gefen tayar ne. Siriri ne, kuma iska kaɗan ake sa mata. Mota a gida muna ba ta kilo biyu da ɗoriya. Wannan ko kilo ɗaya ba ta kai ba. Da mota ta fizga, sai ka ga gefen ya yamutse kamar zanen da aka murɗe, ya shanye bugun farko, sannan ya saki motar ta harba. Na maimaita bidiyon tashin motar ya fi sau goma a daren.

Yanzu ga inda aikina ya shigo. Motar dattijon tsohuwar Ford Mustang ce ta 1989, kuma bai yarda ya sayi rim na tsere ba, na kamfani yake so a yi amfani da su. Inci 15 ne, faɗinsu inci 7. Tayar da ya saya ta kamfanin Mickey Thompson ce, an rubuta 26 da 8.5 da 15: tsayi, faɗi, sai girman rim. Ya ce da farko mai faɗin 10 ya yi sha'awa, wai ta fi cika ido. Da ya yi asara. In rim ya yi wa taya ƙunci, sai ya matse bakinta, tsakiya ta kumburo, gefe da gefe su ɗage daga ƙasa. Ka biya kuɗin inci 10 kana tafiya a kan 7. Faɗin rim da faɗin da ke taka ƙasa su yi kusa da juna, shi ne magana. Masu motocin zamani kuma nasu ciwon kan daban: rim inci 18 ko 19, gefen taya gajere, babu abin yamutsewa, in sun ce su sauko 15 kuma birki ya hana rim ɗin zama.

Da na hura su, na ɗauko awo na zagaye kowace. Dole zagayensu ya zo ɗaya ko kusa ƙwarai, in ba haka ba doguwar ta tura mota gefe, ga bango na jira. Dattijon yana kallona, ya ce a ina na koya. Na ce a Maradi. Na faɗa da ƙarfi kuwa! Maigidana da ya koya min, Allah ya jiƙansa, da ƙarfe biyu da guduma yake cire tayar tirela mai zuwa Damagaram, cikin ranar watan Afrilu, ba inji ba komai. In ya ƙwanƙwasa taya ya san iskar da ke ciki. A nan in wuta ta ɗauke shago ya tsaya cik. Kai, bari in sha ruwa, tunanin furar bakin tasha ya taso min.

Ina muka tsaya? Zamewa. Tunda iska kaɗan ce kuma roba ta liƙe a ƙasa, rim na iya juyawa a cikin taya. Sai muka ja layi da alli daga rim zuwa roba. Tashi uku, muka duba, layin ya rabu da kusan yatsa biyu. In akwai tif a ciki, wannan zamewar kan tsinke bakinsa, iska ta fita gaba ɗaya kana cikin gudu. Maganin da suke yi, su huda bakin rim su ɗaure taya da gajerun sukurori kewaye. Da hannuna na huda, raina bai so ba, don rim ɗin ya tashi daga aiki a titi ke nan har abada. Masu kuɗi kan sayi mai zoben ƙarfe da ke danne bakin taya.

Wani abu kuma, irin wannan taya saƙar zarenta ta da ce, ba irin ta tayoyin yanzu ba. In ka bar na titi a gaba ka sa su a baya, mota kan yi rawa a ƙarshen fili. Kuma da taya ta kama, duk ƙarfin inji kan ƙarfen baya yake sauka. A gabana wani yaro ya karya aksil, mota ta yi ƙara ta zauna, aka turo ta.

Ƙanena, da kai nake, da abokanka masu murza mota ranar biki a hanyar Tibiri. Na san abin da za ku ce: ai muna da taya sulɓi a gida. Ba ita ba ce! Taku cinyewa ta yi, robar ta bushe ta yi tauri, waya na gab da leƙowa. Ita kanta wannan ta jaka 300, doka ta hana a hau titi da ita, a bayan mota ake kai ta fili a ɗaura a can. Yayyafi kaɗan ya isa ta kwashe ka, balle yashin da iska ke shimfiɗawa a kan kwaltarmu, ga 'yan kabu-kabu, ga amalanke, ga yara 'yan makaranta. Na aiko maka kuɗin taya huɗu watan jiya, masu zane nake nufi, ka ɗauko su a waya in gani.

Asabar mai zuwa za mu koma fili da sukurorin a ɗaure, zan sake jan allin a gabanku. Ga wata mota ta shigo, maigida na kira. A gaida min su Inna.