Ruwa Ya Kwanta Garau, Shi Ke Nan Sai A Sha?

[Hoto: kofunan gilashi biyu a kan tabarma. Ruwan ɗaya jawur, na ɗaya fari tas.]

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi kofunan nan biyu. Bokiti ɗaya aka ɗebo su. Na dama an jefa masa ɗan gutsuren alif, an juya, an bar shi ya kwanta. Na hagu ba a taɓa shi ba. In aka miƙo maka su da zafin azahar, wanne za ka kai baki? Na dama mana, ko yaro ya san wannan. To a nan gizo ke saƙa.

Tun da damina ta kankama ake ta turo mana wani ɗan bidiyo da ke yawo a WhatsApp. Mutum ya kamfato ruwan kududdufi, ya jefa alif, ruwa ya yi garau, ya ɗaga ya shanye yana cewa an huta da sayen fiya wata. Masu turowa suna tambaya, wai gaskiya ne? Rabinsa gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa shi ke kwantar mana da yara a gadon asibiti.

[Hoto: an matso kusa. Laka tana dunƙulewa tana sauka gindin kofi.]

Ga abin da alif yake yi. Lakar da ke sa ruwa ya yi ja ƙanana ce ainun, ba ta da nauyin da za ta nutse da kanta, sai ta yi ta yawo a ciki. Alif ne ke tara ta, ta dunƙule, ta yi nauyi, ta sauka ƙasa. Ƙwayar zogale da aka daka ma tana irin wannan aikin. A hanyarta ta sauka, lakar takan ja wasu ƙwayoyin cuta su tafi tare. Wasu fa na ce. Ragewa aka yi, ba kashewa ba. Ƙwayar kwalara da ta taifot ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jin warinsu, harshe ba ya ɗanɗanarsu. Suna iya zama cikin ruwan da za ka hango fuskarka a cikinsa.

Ku tsaya a nan da ni, don wannan gaɓar ce ta sa muka yi bidiyon. Gyaran ido daban, kashe cuta daban.

[Hoto: gadar Tamburawa, sannan manyan kwamin tace ruwa daga nesa.]

Ruwan famfon da ke shigowa birnin Kano, mafi yawansa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ke wajen Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, ake sako shi ya biyo kogi. A matatu irin ta Tamburawa da ke kan hanyar Zariya da ta Challawa, su ma alif ɗin suke zubawa. Amma da a nan aikin ya ƙare, ai da ba a gina sauran ɓangarorin ba. Bayan laka ta kwanta sai a bi da ruwan ta cikin yashi a tace, daga nan a sa masa sinadarin kulorin. Kulorin ɗin nan shi ne makashin. Mai bidiyon WhatsApp ɗin nan ya hau matakin farko, ya zaci ya kai soro.

[Hoto: tsakar gida. Hannu yana tsiyaye ruwa a hankali ta cikin farin ƙyalle.]

A gida ma haka za a bi, kuma kada a juya tsarin. A fara kwantar da ruwan, a tsiyaye na sama a wani mazubi mai tsabta, a bar lakar a gindi. Sannan ɗaya daga cikin biyu: ko a dafa, ko a sa kulorin.

In dafawa ce, ba ɗumi ake nufi ba, ba kuma ƙananan kumfan nan na gefen tukunya ba. Sai ya tafasa yana ɓararraka, a ba shi minti 1 cikakke a haka. Na san gawayi da gas ba a magana yanzu, shi ya sa da yawa suka fi son kulorin, irin WaterGuard na ruwa ko ƙwayar Aquatabs. A bi ma'aunin da ke jikin kwalin, kada a yi kirdado. A girgiza, a rufe, a jira minti 30. Minti talatin ɗin nan mutane suka fi tsallakewa. An zuba, an juya, yaro yana kuka, sai a miƙa masa. Maganin bai gama aikinsa ba tukun.

Me ya sa alif ke fara zuwa? Saboda in ka zuba kulorin a ruwa mai laka, dauɗar ce ke cinye ƙarfinsa kafin ya kai ga ƙwayar cutar. Ɗan warin da ake ji bayan nan kuwa, wanda wasu iyayenmu ke cewa ruwa ya yi warin asibiti, alama ce ta cewa akwai sauran ƙarfinsa yana gadin ruwan.

[Hoto: randa a inuwa, faifai a kai. Yaro ya buɗe, ya tsoma moɗa har wuyan hannu.]

Ga kuma inda zuciyata ke sosuwa. Ka ga yaron nan? Daga wasan ƙasa ya fito. Duk wahalar da mahaifiyarsa ta sha ta dafa ruwan nan, hannunsa ya mayar da ita baya cikin ƙiftawar ido. Ni ma a gaban irin wannan randar na tashi, moɗa ɗaya gida duka, ana sha a mayar, ba wanda ya taɓa kawo komai a ransa. Ba a ce a fasa randa ba, sanyinta ko firji sai dai ya yi ƙoƙari. A samo ludayi mai dogon hannu a rataye shi a gefe: da shi ake ɗiba a zuba a kofi, baki ba ya taɓa shi. Wanda ya samu bokiti mai ɗan famfo a ƙasa, ya fi kowa hutawa.

[Hoto: cikin sauri. Tanki yana ambaliya daga saman bene. Famfo yana ɗiga. Buta. Mai kura yana tura jarkoki a rana.]

Batun tattali ba sai na ja ba, duk wanda ke sayen jarka mai lita 25 a hannun 'yan garuwa ya san darajar kowane ɗigo. Ruwan ɗauraya ya wanke banɗaki. Na wanke shinkafa ya tafi gindin shuka. Famfon da ke ɗiga, sau da yawa 'yar roba ce ta cinye. Mai gidan da tankinsa ke zuba kamar indararo alhali maƙwabta na layi da bokiti, Alhaji, don Allah a sa masa abin da ke tsayar da ruwa in ya cika. Hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda na ruwa yake alwala, abin da bai kai lita 1 ba. Ruwan da ka dafa ko ka sa wa magani kuma, a ware shi don sha da abincin jarirai, ba a wanki da shi.

[Hoto: lungu. Siririn bututun roba kwance cikin kwata, an ɗaure shi da tsumman roba.]

Sai dai akwai abin da gida ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Ku dubi bututun nan. Lokacin da ruwa ke gudu da ƙarfi, ta wurin fashewar waje yake fita. Da an ɗauke ruwa bututu ya zama wofi, sai ya koma zuƙo na kwata zuwa ciki. Ranar da famfo ya dawo, wannan ne ke fara isa bokitinka. Gyaransa aikin 'yan layi ne: a yi karo-karo, a ɗaga shi daga kwata, a canza inda ya fashe.

Haka rijiya da shadda. Ma'aikatan lafiya suna son a samu tazarar aƙalla mita 30 tsakaninsu. A cikin gari, ko Fagge, ko Kurna, inda katanga ke jingine da katanga, shaddar maƙwabcinka tana iya zama taku biyar daga rijiyarka, kai ba ka sani ba, shi bai sani ba. Kafin a kira mahaƙa a leƙa a yi sallama a tambaya. In abin ya yi nauyin baki, ga mai unguwa, ga liman. Rijiyar da ke nan tuntuni a ɗaga bakinta, a dafe kewayenta da siminti, a yi mata murfi, a tsayar da guga ɗaya da ba ya kwana a ƙasa.

Wata magana ga 'yan'uwanmu da ke kusa da kogin Jakara da inda ruwan masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa ke bi: dafawa da kulorin ƙwayar cuta suke kashewa, ba sa cire gubar ruwan jima da rini. Irin wannan ruwan ba a gyara shi a tsakar gida, wani ake nema.

[Hoto: safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata. Matasa da shebur suna yashe kwata. A gefe, ana wanke jarkoki.]

Ranar tsabtar muhalli, in an fito aikin gayya, a haɗa da wankin jarkoki. Leƙa cikin wannan, ka ga gansakukar da ta yi kore shar. Mai garuwa ba abokin gaba ba ne, shi ke shayar da layin. A yi masa magana da mutunci, a taimaka masa da sabulu da kulorin.

In kuma, Allah ya kiyaye, amai da gudawa suka kama wani, kwalara tana iya zuƙe mutum cikin awanni. A haɗa ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ana ba shi, ana kama hanyar asibiti.

[Hoto: an dawo kan kofin dama. An juye shi a jarka, an sa kulorin, an rufe. Agogon waya ya fara ƙirga.]

Yanzu ƙarfe 2 daidai. Wannan ruwan ba mai taɓa shi sai 2 da rabi.