Likitan idon da ya sa mutane tsoron ɗakin tiyata

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Yaya Sani da Malam Bashir, a gabanmu kuma ga littattafan ƙagaggun labarai na Robin Cook, likitan idon nan Ba'amurke da ya koma marubuci. Yaya, wannan mai yagaggen bangon fa?

Sani: Coma ke nan, gwanjo na saye shi. A 1977 ya fito. Ba shi ne na farinsa ba, tun 1972 ya fitar da wani da ya rubuta yana aikin sojan ruwa, amma bai yi kasuwa ba. Sai ya zauna ya yi nazarin littattafan da ake rububinsu, ya gano lagon.

Bashir: Wato ya haɗa maganin, ya ga ya karɓi mutane, ya yi ta ba su shi shekara da shekaru.

Hauwa: Malam, tun ba a je ko'ina ba ka fara?

Bashir: Gaskiya ce ai. Kullum labarin ɗaya ne: ƙaramin likita ya lura da wani abu da bai kwanta masa ba, manya su ce ya kama bakinsa, ya ƙi, a biyo shi da kisa, can a gano kuɗi ne a ƙasa. In ka karanta uku, na huɗu kai ma za ka iya rubuta shi. Mutanen ciki kuma magana suke kamar masu karanta takardar magani. Ba ni kaɗai ke wannan ƙorafi ba.

Sani: To me ya hana ka ajiyewa a na uku?

Bashir: Barci ne ya ƙi zuwa!

Sani: Ka ji ba. Hauwa, bari ki ji abin da ke cikin Coma. Wani asibiti ne a Boston, matasa lafiyayyu su shiga ƙaramar tiyata, a yi musu allurar barci, shi ke nan ba su farkawa. Wata ɗalibar likitanci, Susan Wheeler, ita ta bi takardu har ta gano duk ɗaki ɗaya ne, mai lamba 8. Ashe iskar guba ake tura musu, irin wadda janareta ke fitarwa, ƙwaƙwalwa ta mutu jiki na raye. Daga nan a kai su wani gini, a rataye su da wayoyi reras, ana sayar da sassan jikinsu.

Hauwa: Innalillahi. Ni a fim ɗin na ga wajen ratayewar nan, na 1978.

Sani: Wanda ya ba da umarninsa ma, Michael Crichton, likitanci ya karanta. Abin da ke kama mutum shi ne Cook ya san asibiti ciki da bai. Yadda mai allurar barci ke duban launin jini, yadda babban likita ke yi wa ɗalibi tsawa a gaban majinyaci. Ba ka jin ƙarya.

Hauwa: Nan ne damuwata. Lokacin da za a yi wa gwaggona aikin ido, sai da muka kwana uku muna lallashi, wai ta ji ana cire wa mutane ƙoda. Ita ba ta taɓa jin sunan Cook ba. To ka ɗora wa mai irin wannan zuciyar littafin da likita da kansa ya rubuta.

Bashir: Shi dai hujjarsa ita ce yana faɗakarwa ne ta hanyar labari. Kuma wani lokacin yana riga mutane gani. Littafinsa Outbreak na 1987 a kan Ebola yake. Da cutar ta shigo Legas a 2014, na koma na lalubo nawa a kwali.

Sani: Au, wanda ke kushe ashe har ajiya yake yi.

Bashir: Toxin ne ban yafe masa ba, na 1998, kan gurɓataccen niƙaƙƙen nama. Wata guda ko tsire ban iya kallo.

Hauwa: Yaya, ara mini mai yagaggen bangon.

Sani: Shafuka biyu na ƙarshe babu, ɓera ya riga ki.